Rajistar da Ba Ta Cewa A'a

Shafi na 14

Sallama gare ku duka. Na ga saƙonnin waɗanda suka shigo mana a makon nan suna tambayar su wane ne mutanen. Bari in jera muku su a taƙaice, sai mu wuce.

Malam Zarami da ƙanwarsa Malama Baturiya, iyayensu daga Borno suka taso, su kuwa a Azare aka haife su. Shago ɗaya gare su a bayan kasuwa, rabi gyaran waya, rabi aji. Kwamfuta biyar, biyu daga ciki sai an lallaɓa. Fanka ɗaya, da batirin sola wanda ba ya kai la'asar idan an kunna fankar. Malama Baturiya ce ke koyar da rubuta manhaja. Malam Zarami da girmansa ya koya, kuma ba ya son a tuna masa.

Ihsan shekararta goma sha biyar, daga wata ruga a gefen Itas. Mahaifinta ya rasu, ƙaninsa Bappa Jalo ne ke da magana a kanta. Wata shida ya ba ta, tana kwana a gidan Ya Fanna, mahaifiyar su Malama. Sharaɗinsa guda ne: ya ga amfanin abin da idonsa, in ba haka ba ta koma gida.

Abin da ta gina manhaja ce mai kiran wayoyin makiyaya, ta saka musu muryar Ihsan da Fillanci tana faɗa musu ranar allurar shanu. Bappa Jalo da ƙafarsa ya bi ruga ruga ya karɓo lamba ɗari da goma sha biyu. Ran Litinin Ihsan ta danna, allon ya ce an kira kowa. Ran Alhamis malaman dabbobi suka iso Itas da allurar ciwon huhu, suka tarar da shanu goma sha ɗaya. Babu wayar da ta yi ƙara.

Yau Lahadi. Gobe da safe malaman za su dawo sau ɗaya, daga nan su wuce wajen Zadawa. Malama Baturiya kuma yau ta dawo daga ta'aziyya a Katagum, inda ta kwana uku.

To, mu shiga.

*

An idar da azahar ke nan aka yi sallama a ƙofar shagon.

Ihsan ba ta buƙaci ɗaga kai ba. Ta san muryar. Ta zame daga kan kujera ta durƙusa.

Malam Zarami ya ajiye wayar da yake kwancewa, ya washe baki.

"A'a, yau ga bawana da kansa. Ina nonon da ka kawo wa ubangidanka?"

Da wata rana ce, Bappa Jalo zai ce Babarbare bai isa ya sha nonon shanunsa ba sai ya yi masa sharar garke. Haka suke yi duk zuwansa, har mutanen layin su taru suna dariya. Yau ko murmushi bai yi ba. Ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya ƙi zama.

"Malam Zarami, yarinyar na zo ɗauka."

"Haba Jalo, ka zauna mana a kawo ruwa."

"Na sha."

Malama Baturiya ta gyara mayafinta ta matso.

"Barka da zuwa, Malam Jalo. Ya hanya? Ya Inna Hadijatu?"

"Lafiya take. Ita ma ta ce a kawo mata 'yarta."

Ihsan ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ɗazu a kara," in ji Bappa Jalo, "Alhaji Bunu ya tare ni a gaban mutane. Ya ce Jalo, ina wayar da ka ce za ta yi mana magana? Aka yi dariya. Malama, mutanen nan ba sa ba da lambarsu haka kawai. Akwai wanda surukinsa ma bai san lambarsa ba, ni ya ba ni. Bakina na ba su. Yanzu saniya biyu na tari a rugar Umara, kuma da shanunmu suke shan ruwa."

"Mun ji kunya, wallahi," in ji Malama. "Ka ba mu zuwa la'asar."

"Ba don ku zan kai la'asar ba. Kanwa da gishiri zan saya." Ya juya wajen Ihsan, bai kira sunanta ba, dama ba ya kira. "Ke. Ki haɗa kayanki. In na dawo, motar Itas za mu shiga."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ƙarar acaɓa da hon ɗin keke suka cika shagon.

Malam Zarami ne ya fara magana.

"Na faɗa tun Juma'a, sabis ne. Ka je bayan Itas ka ga in waya na kamawa. Sai mutum ya hau bishiya."

"Mutum ɗari da sha biyu, Yaya? Ba ko ɗaya da ya hau bishiya?"

"To kamfanin waya ne. Su suka riƙe kiran."

"Na duba da safe. Kamfanin bai ga kira ko ɗaya daga wajenmu ba ran Litinin. Kiran bai bar ɗakin nan ba."

Ta kashe sauran kwamfutocin, ta bar guda. Ta ja kujera kusa da ita.

"Ihsan, taso."

Ihsan ta taso. Ta zauna a kujerar.

"Kin sake ɗaukar muryar da na ce?"

"Na ɗauka, Malama. Na ce gobe Litinin da safe, a filin makaranta."

"Madalla. To bari mu bi ta yadda muka saba. Ki ɗauka ni ban san komai ba, yau na zo. Me ke cikin manhajar nan?"

Malam Zarami ya yi tsaki.

"Baturiya, mutumin nan awa biyu ya ba mu, ke kina buɗe aji."

"Kwana uku kuna gudu, Yaya, ba ku isa ko'ina ba. Bari mu gwada tafiya. Ihsan, ina jin ki."

Ihsan ta gyara zama.

"Ma'aikata ne a ciki, kowa da aikinsa. Akwai mai riƙe littafin lambobi. Akwai mai riƙe murya. Akwai mai kira."

"Sun san juna?"

"A'a. Ba wanda ya san inda wani yake. Rajista kawai suka sani."

"Mece ce rajista?"

"Wuri ɗaya ne da kowa ya san hanyarsa. Idan an tayar da manhajar, kowane ma'aikaci zai je ya rubuta sunansa a ciki. Wanda ke neman wani sai ya je ya faɗi suna, ta miƙo masa shi."

"Kamar me?"

"Kamar ɗan kamasho a tasha. Mai aika saƙo Itas ba ya neman direba. Wajen mai littafi yake zuwa ya ce motar Itas, a nuna masa wadda ke lodi."

"Me ya sa muka yi haka? Me ya hana kowa ya riƙe lambar direbansa?"

"Don in an canza mota, ba sai an bi kowa an gaya masa ba. A littafi kawai za a canza."

"To." Malama ta matsar mata da kwamfutar. "Mun aika saƙo tasha, an ce ya tafi, bai isa ba. Wa za mu fara tambaya?"

Ihsan ta kalli allon. Ta kalli ƙofa.

"Mai littafi."

"Tambaye shi. Ki ce wa ke riƙe da sunan mai kira."

Ta hau rubuta tambayar. Sau biyu tana gogewa. A na uku ta danna.

Amsar ta fito layi ɗaya. Malama ta sunkuya ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta juya a hankali.

"Yaya."

"Na'am."

"Zo ka ga ɗanka."

Malam Zarami ya zagayo yana gyara tabarau. Ya karanta. Ya ɗan yi tari.

"Wannan ai na gwaji ne."

"Na gani."

"Ni na rubuta shi, sati uku ke nan. Don yara su riƙa koyo ba tare da sun dami mutane ba. Ba ya kiran kowa. Cewa kawai yake an kira."

"Shi ya sa ya ce mana an kira kowa."

"To ni na ce a yi aikin gaske da shi?"

"Wane suna ka ba shi a rajista?"

Malam Zarami ya koma gyara tabarau.

"Yaya, wane suna?"

"Mai kira mana. Ai aikinsa ke nan."

Malama ta rufe ido ta buɗe.

"Na gasken ya rubuta sunansa, naka ya zo daga baya ya rubuta a kansa. Motar da ba inji muka yi wa lodi ran Litinin."

"Ki daina yi mini magana kamar ɗalibinki."

"Ban gama ba. Rajistar nan ba ta karɓar suna biyu iri ɗaya. Ni da Ihsan muka zauna muka rubuta mata layi uku: in suna yana ciki, ta ƙi karɓa, ta tsayar da komai, ta faɗi wanda ya kawo. Yaya aka yi naka ya wuce?"

Ta ja kwamfutar gabanta ta buɗe wurin. Ta sauka ƙasa, ta koma sama.

Layukan ba su nan.

Ihsan ta kama gefen teburin.

"Ka goge," in ji Malama.

"Ban goge ba."

"Ta hana ka wucewa, ka cire ƙofar gaba ɗaya. Haka ka yi da makullin banɗaki bara."

"Makulli daban, wannan daban. Na ce miki ban taɓa ba."

"To aljani ne?"

"Baturiya, a gaban yarinya kike ƙaryata ni? Ni na goya ki a bayana na kai ki makarantar allo."

"Ka goya ni, ban musa ba. Amma yarinyar nan za a mayar ruga a kan abin da ba ita ta yi ba."

Malam Zarami ya cire tabaransa ya ajiye a kan tebur da ƙarfi.

"Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban goge ko harafi ba."

Ya ɗauki butarsa ya fice.

Fankar ta ci gaba da juyawa. A jikin bango, fitilar batirin ta sauka daga uku zuwa biyu.

Malama Baturiya ta daɗe tana kallon ƙofar. Yayanta yana da surutu, yana da gardama, amma ba ya rantsuwa a kan ƙarya. Ta san wannan tun suna yara.

Ta juyo.

Ihsan tana murɗa bakin hijabinta, ta murɗa ta sake, ta murɗa ta sake.

"Ihsan."

"Na'am, Malama."

"Kin san manhajar nan tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi mata. Rana, da lokaci, da wanda ya yi."

"Na sani."

"Zan iya buɗewa yanzu. Amma na fi son in ji daga bakin mutum. In na karanta a allo, suna kawai zan gani, ba zan ga dalili ba."

Wani keke ya tsaya a waje, ana sauke buhuna ana gardama. Ihsan ta saurara, ko za ta ji ƙarar sandar Bappa a ƙasa. Ba shi ba ne.

"Ni ce."

Malama ba ta motsa ba.

"Ina jin ki."

"Ranar da Malam ya rubuta nasa, kin tafi kai Ya Fanna awon ido. Ya zo da baƙo, wani Alhaji daga Misau, yana nuna masa abin da muke yi. Ya danna, sai jan rubutu ya fito. Ya ce akwai mai wannan suna, ba a karɓa ba."

"Sai me?"

"Ya sake dannawa, ya sake fitowa. Alhajin ya yi dariya, ya ce Malam, ashe na'urarka ba ta san mai gida ba. Malam ya ce wace mai taurin kai ce ta rubuta wannan? A shagona za a hana ni shiga?"

"Da wasa ya faɗa. Kin san bakinsa."

"Na sani. Amma ni na rubuta. Malama, a gidanmu ko kofin ruwa babba ya miƙo maka, ba ka cewa a'a. Ka karɓa ko ba ka jin ƙishi. Ga abin da na yi da hannuna yana ce wa Malam a'a a gaban baƙo, har sau biyu. Ji na yi kamar ni ce na faɗa da bakina."

"Sai kika goge."

"Da suka fita sallah. Na ce in baƙon ya tafi zan mayar. Suka dawo Malam ya danna, ya wuce. Ya ce ka gani, sabis ne. Suka yi ta dariya. Na ji daɗi a raina."

"Ba ki mayar ba."

"Washegari na buɗe zan mayar, sai na tuna in na mayar zai sake hana shi. Na ce sai jibi. Daga nan..."

Malama ta matso da kujerarta.

"Tun yaushe kika gane shi ne ya jawo wannan?"

"Ban tabbatar ba sai yanzu. Amma tun Alhamis zuciyata ke zuwa wurin, ina mayar da ita."

Malama ta miƙa hannu ta ɗauke yatsun Ihsan daga bakin hijabin, ta riƙe su.

"Ki saurare ni. Ladabinki ba laifi ba ne, kuma ba na so ki bar shi a ƙofar shagon nan. Amma ki faɗa mini, layin nan uku, don wa muka rubuta su?"

"Don kada a yi kuskure."

"Wa zai yi kuskuren? Ɓarawo?"

"A'a."

"Ɓarawo ba ya zuwa rajista. Mu ne. Ni, da ke, da Yaya. Daɗin rajista shi ne kowa na iya isa gare ta daga ko'ina. Haɗarinta ma shi ne. Wanda bai taɓa ganin aikinki ba zai iya canza miki mota daga can gefe, ke kina nan ba ki sani ba. Ba ta da wata kariya sai wannan ƙin da take yi. Da ta hana Yaya ran nan, minti ɗaya zai yi ya canza suna, ya yi mita, ya manta. Shi take yi wa aiki da ta hana shi."

Hawaye suka zubo wa Ihsan.

"Yanzu ga shi ya yi rantsuwa saboda ni."

"Ni na tura shi, ni zan ba shi haƙuri a kan wannan. Amma ɗayar maganar ba zan faɗa miki ita ba. Ke za ki faɗa."

"Bari in fara mayar da layukan."

Ta juya ga kwamfutar ke nan inuwa ta rufe ƙofa.

Mutum biyu ne. Malam Zarami da butarsa, Bappa Jalo da ƙullin kanwa a kafaɗa.

"Ai ba a kira la'asar ba," in ji Malama.

"Motar Itas saura mutum biyu," in ji Bappa Jalo. "Na kama mana. Direban ya ce ba zai jira ba. Ke, ina kayan?"

Ihsan ta durƙusa. Ba wajen Bappa ta fuskanta ba.

"Malam, ka yafe mini. Ni na goge layukan."

Malam Zarami ya ajiye butar.

"Ke?"

"Ranar da Alhajin Misau ya zo. Na ji kunyar yadda ta hana ka."

Ya kalli ƙanwarsa. Ita ma ta sunkuyar da kai.

"Yaya, na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yi haƙuri."

"Ke bari." Ya shafa gemunsa. "Wai don maganar da na yi ran nan? Ni da nake faɗa da fanka in ta ƙi juyawa?" Ya juya ga Bappa. "Ka ga irin tarbiyyarku ko? Kun koya wa yarinya kunya har ta koya wa na'ura."

"Ni ban gane komai a maganarku ba," in ji Bappa Jalo. "Abin zai yi ko ba zai yi ba?"

"Zai yi. Yanzun nan." Malam Zarami ya dubi fitilar bango, saura ɗaya, tana ƙiftawa. "Ihsan, tashi. Goge nawa na gwajin gaba ɗaya, ki danna kira. Minti ɗaya ne."

Ihsan ta zauna a gaban kwamfutar. Ta ɗora hannu. Ba ta danna komai ba.

"Yi mana, 'yata."

"Sai na mayar da layukan tukuna."

"Gobe kya mayar. Batirin nan bai fi minti goma ba. In kika mayar, wani jan rubutun ya fito, ina za mu sa kanmu? Goge nawa kawai ki danna."

Ta kalli Malama. Malama ta tashi ta kashe fankar, ta koma ta tsaya a jikin bango.

Zafi ya sauko ɗakin nan take.

"Ihsan, kina ji na? Na ce ki goge ki danna."

"A'a, Malam."

A hankali ta faɗa. Amma ba fanka, kowa ya ji.

Bappa Jalo ya sauke ƙullin kanwar daga kafaɗarsa.

"Ke."

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da magana tana kallon allon.

"Sati uku ƙofar tana buɗe, Malam. Ban san abin da ya shiga ba. In jan rubutu ya fito, akwai abin da ya sa shi fitowa. Gara mu gan shi a nan."

Ta fara rubutawa. Layi na ɗaya. Na biyu. Ta yi kuskure a na uku, ta goge, ta gyara. A waje wani yana ƙwala kiran Itas, Itas, mutum biyu, ko da yake tashar na da ɗan nisa, ita a kunnenta take jin sa.

Ta tayar da manhajar.

Ja ya fito. Akwai mai wannan suna: mai kira.

"Wannan mun san shi," in ji Malam Zarami.

Ta buɗe nasa, ba ta goge ba. Ta canza masa suna zuwa mai kira na gwaji. Ta sake tayarwa.

Ja ya sake fitowa.

Malam Zarami ya matso ya manna tabarau a hanci. Malama ta bar bango.

Akwai mai wannan suna: littafin lambobi.

"Wannan kuma na wa?" in ji Malama.

Ihsan ta buɗe. Lamba uku ce kawai a ciki.

Malam Zarami ya karanta ta farko, tasa ce. Ta biyu ta Malama. Ya daɗe a kan ta uku.

"Ta Ya Fanna," ya faɗa can ƙasa. "Na manta na yi wa yaran littafin gwaji shi ma."

"Da mun goge ɗayan kawai mun danna," in ji Malama, "da na gasken ya kira mutum uku, ya ce ya gama."

"Da tsohuwa ta ji ana ce mata ta kawo shanunta filin makaranta." Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ja da baya ya zauna a kan benci. "Yi aikinki, 'yata. Na yi shiru."

Ta canza wa wannan ma suna. Ta tayar a karo na uku.

Ba ja.

Ta tambayi rajista wa ke riƙe da sunan mai kira. Na gasken ne. Ta tambaye ta littafin lambobi. Ɗari da goma sha biyu. Ta tambaye ta murya, ta saurari daƙiƙa uku don ta tabbata ta yau ce.

Fitilar bango ta fara ƙara, ƙit, ƙit.

"In kin danna ya bar nan, ko batirin ya mutu kiran zai ci gaba," in ji Malama. "Bismillah."

Ihsan ta danna.

Allon ya ce ana kira.

Ran Litinin ma ya faɗi abin da ya fi wannan daɗi. Ba wanda ya kalle shi. Dukansu aljihun Bappa Jalo suke kallo, don lambarsa ce ta farko a littafin.

Daƙiƙa biyar. Goma.

Bappa Jalo ya sunkuya ya kama bakin ƙullin kanwarsa.

Kwamfutar ta ɗauke. Allon ya yi baƙi.

Sai ga ƙara daga cikin rigarsa, irin ta ƙaramar wayar nan mai tocila.

Ya saki ƙullin. Ya lalubo wayar, ya duba, ya kai kunne. Ɗakin shiru har ana jin muryar daga inda suke: Ihsan ce, da Fillanci, tana gaida iyayenta da kakanninta, tana ce musu gobe Litinin da safe, a filin makaranta, kada a fita da shanu kiwo sai an yi allura.

Ya saurara har ƙarshe. Bai sauke ba sai da ta yanke da kanta.

Kafin ya mayar da ita aljihu ta sake ƙara. Ya duba.

"Alhaji Bunu," ya faɗa, kamar da kansa yake. Bai ɗauka ba.

Malam Zarami ya miƙe yana tafa hannu.

"To bawana, ka gani da idonka, ka ji da kunnenka. Je ka ce wa direban ya nemi mutum ɗaya."

Bappa Jalo bai kalle shi ba. Wayar na ta ƙara a hannunsa, shi kuwa 'yar wansa yake kallo, wadda ta sake zamewa ƙasa ta durƙusa.

"Ke."

"Na'am, Bappa."

"Ɗazu mutumin nan, sa'an ubanki, ya ba ki umarni sau uku. Me kika ce masa?"

Malama ta matso. "Malam Jalo, ai shi ne ya..."

Ya ɗaga mata hannu.

"Da ita nake. Me kika ce masa?"

"Na ce a'a."

"Na kira ki, kin juyo?"

"Ban juyo ba."

"A nan aka koya miki wannan?"

Daga masallacin layin aka fara kiran la'asar. Wayar ta yanke, ta sake ɗauka. Ƙullin kanwa na ƙasa tsakaninsu, jakar kayanta na bayan ƙofa inda ta ajiye tun safe, don dama ta san zai zo.

Ihsan ta gane cewa wayar Bappa ta yi ƙara ne saboda a'ar da ta faɗa, kuma saboda ita ɗin ce har yanzu bai ce ta zauna ba.